Kirsimeti, Ista da Godiyar Kaka: Umarnin Allah ne ko Al'adar Ikkilisiya?

Wannan jawabi ne da aka gabatar bayan kaka, a taron dattawa, masu bishara da shugabannin Zumuntar Mata na ikkilisiyoyin ƙauyukan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba. A karanta a ikkilisiya, a kuma tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Na san akwai waɗanda suka baro wake a gona ba su gama roro ba, akwai kuma iyayenmu mata da suka bar sussuka suka zo. Allah ya saka muku da alheri.

Maganar da zan yi yau ta taso ne daga wata ikkilisiya da ke cikin yankinmu. Ba zan faɗi sunan garin ba. Ƙaramar ikkilisiya ce, in an taru ran Lahadi manya ba su cika hamsin ba. Wani saurayi daga cikinsu ya je cin rani Kano, ya dawo da wa'azi cike da wayarsa. Ya tsaya gaban dattawa ya ce Kirsimeti bikin arna ne, Allah bai umarta ba, kuma duk wanda ya yi ya yi zunubi. Ya ce haka ma Ista, da Godiyar Kaka, da kwanan addu'a na shiga sabuwar shekara. Wani dattijo, wanda ƙanen mahaifin yaron ne, ya tashi ya ce, "Yaro, kai ne za ka koya mana bin Yesu? Tun ba a haifi ubanka ba muke Kirsimeti a garin nan. Wanda ya ƙi ranar haihuwar Mai Ceto ya ƙi Mai Ceton." Daga ranar, gida biyu ba sa gaisawa. Matasa huɗu sun bi saurayin, suna sujadarsu a zauren gidansu.

Na je garin. Na zauna da saurayin, na zauna da Baba dattijon. Dukansu biyu suna ƙaunar Yesu, dukansu kuma suna da Littafi Mai Tsarki a hannu. Shi ya sa na ga ya kamata mu buɗe Littafin tare, gama abin da ya sami wannan ikkilisiya yana iya samun kowacce a cikinmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Inda saurayin yake da gaskiya

Bari mu fara ba yaron gaskiyarsa. Ka buɗe daga Matiyu har Wahayin Yahaya, ba za ka sami wurin da aka ce a yi bikin haihuwar Yesu kowace shekara ba. Matiyu da Luka sun ba da labarin haihuwar, amma ba su faɗi wata ko rana ba. Ba mu ga Bitrus ko Bulus sun yi Kirsimeti ba.

Shaidar da ta fi daɗewa ta yin bikin a ranar 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Roma, a shekara ta 336, wato kusan shekara ɗari uku bayan tashin Ubangiji daga matattu. Masana tarihi sun rabu kan dalilin zaɓen ranar. Wasu sun ce an ɗora ta ne a kan ranar da Romawa ke bikin rana, domin a juya hankalin mutane zuwa ga Almasihu. Wasu sun ce lissafi ne: masu bi na dā sun ɗauka an yi cikinsa ran 25 ga Maris, suka ƙirga wata tara. Har yau ma ba rana ɗaya ake yi ba. Masu bi na Habasha da na Masar suna yin nasu ran 7 ga Janairu, na ƙasar Armeniya kuwa ran 6 ga Janairu.

Saurayin nan ba shi ne ya fara wannan magana ba. A Ingila, a shekara ta 1647, majalisar ƙasa ta hana bikin Kirsimeti da Ista, domin masu bi masu tsanani da ke da rinjaye a lokacin sun ce Littafi bai umarta ba. Hanin bai tashi ba sai 1660. A Sikotilan, ƙasar da ta aiko da masu bishara da yawa zuwa Afirka, ranar Kirsimeti ba ta zama ranar hutu ta gwamnati ba sai 1958. A nan Nijeriya ma, a watan Disamba na 2013, Fasto W. F. Kumuyi, shugaban ikkilisiyar Deeper Life, ya faɗa a fili cewa su ba sa bikin Kirsimeti, domin a ganinsa asalinsa yana da alaƙa da bautar gumaka. Ko maƙwabtanmu Musulmi, kun san suna da irin wannan muhawara a kan Mauludi, wasu suna yi, wasu suna kiransa bidi'a. Duk inda mutane suka riƙe littafi da gaske, sai wannan tambaya ta taso.

Akwai kuma gargaɗi a cikin Littafi wanda bai kamata mu tsallake ba. A Littafin Firistoci sura 10, Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna, sun kawo wutar da Allah bai umarce su ba, suka mutu a wurin. A Markus sura 7, Yesu ya tsauta wa Farisiyawa domin sun mai da al'adar dattawa kamar dokar Allah, har mutum ya hana iyayensa abinci da sunan ya keɓe dukiyar ga Allah. A Galatiyawa 4, aya 10 da 11, Bulus ya ji tsoron wahalarsa ta zama banza, domin masu bi sun koma kiyaye ranaku da watanni suna neman kuɓuta ta wurinsu.

Saboda haka, Baba, da girmamawa nake faɗa, ba daidai ba ne a ce wanda bai yi Kirsimeti ba ya ƙi Mai Ceto. In haka ne, manzanni ma sun ƙi shi ke nan.

Abin da saurayin ya tsallake

Amma ɗana, kai ma ka karanta rabi ka bar rabi. Buɗe Yahaya sura 10, aya 22 da 23. Za ka sami Yesu yana zagawa cikin Haikali a lokacin idin tsarkake Haikali. Wannan idi ba ya cikin dokar Musa. Yahudawa ne suka kafa shi don tunawa da shekara ta 164 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da suka ƙwato Haikali daga hannun sarkin da ya ƙazantar da shi, suka sāke keɓe shi ga Allah. Yesu ya shiga wurin a lokacin idin, ya koyar, bai kuwa ce musu idin zunubi ba ne.

Buɗe Esta sura 9. Idin Furim, Mordekai da sarauniya Esta ne suka kafa shi bayan Allah ya kuɓutar da jama'arsu daga makircin Haman. Babu annabin da ya zo ya ce Ubangiji ne ya umarta. Mutane ne suka ga ceton Allah, suka ce kada 'ya'yanmu su manta. Ku lura da yadda aka tsara idin: a yi murna, a aika wa juna abinci, a ba matalauta kyautai. Zan komo kan wannan.

Sai kuma majami'a. Dokar Musa ta yi maganar alfarwa da hadayu, ba ta ce a gina majami'a a kowane gari a riƙa taruwa ana karatu ba. Duk da haka Luka 4:16 ya nuna mana al'adar Yesu ce ya shiga majami'a ran Asabar.

Na tambayi saurayin nan, "Ɗana, kai ne ke koyar da yara a Makarantar Lahadi, ko ba haka ba?" Ya ce shi ne. Na ce, "Nuna mini ayar da ta umarci Makarantar Lahadi." Babu ita. Wani Bature ne mai suna Robert Raikes ya yaɗa ta a Ingila wajen 1780, domin yaran talakawa masu aiki kwana shida su koyi karatu ran Lahadi. Zumuntar Mata fa? Ƙungiyar mawaƙa fa? Ƙararrawar da muke bugawa, da bencin da muke zama, da ƙarfe tara na safe da muke shiga sujada? Lambobin surori da ayoyi ma da muke kira, daga baya aka sa su don a sami sauƙin nema. In duk abin da ba a umarta ba zunubi ne, to sai mu kwashe waɗannan duka, mu haɗa da wayar da ka ji wa'azin a ciki.

Abin da ya kashe Nadab da Abihu shi ne Allah ya riga ya faɗi yadda za a yi hidimar bagade, su kuwa suka yi nasu. Laifin Galatiyawa kuma shi ne sun jingina cetonsu a kan ranaku. Mai bi da ya keɓe rana don ya gode wa Allah da ya aiko da Ɗansa, yana kuma sane ranar ba ta cetonsa, bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Bulus ya yanke wannan shari'a tun da daɗewa. A Romawa 14, aya 5 da 6, ya yi maganar masu bi biyu, ɗaya yana fifita wata rana, ɗaya yana ganin ranaku duka ɗaya ne. Bai kori ko ɗaya ba. Ya ce kowa ya tabbata a zuciyarsa, ya kuma yi abin da yake yi saboda Ubangiji. A cikin surar ya hana mai yi ya rena marar yi, ya hana marar yi ya hukunta mai yi. A Kolosiyawa 2:16 ya ce kada mu yarda wani ya ɗora mana laifi a kan ci da sha ko idi ko tsayawar wata ko Asabar. Ayar nan tana kāre saurayin daga Baba, tana kuma kāre Baba daga saurayin.

Labarin dattawa biyu

Wajen shekara ta 155, wani tsoho mai suna Polikap, shugaban ikkilisiyar Samirna, wanda a ƙuruciyarsa ya zauna a gaban manzo Yahaya, ya yi tafiya zuwa Roma wurin Anisetus, shugaban ikkilisiyar can. Suna da saɓani a kan ranar tunawa da mutuwar Ubangiji da tashinsa. Mutanen Polikap suna bin ranar 14 ga watan Nisan na Yahudawa, ko wace rana ta faɗa a mako. Mutanen Roma ba sa bin wannan. Suka tattauna, babu wanda ya rinjayi wani. Amma ba su rabu da fushi ba. Anisetus ya ba baƙonsa girma, ya bar shi ya bi da Jibin Ubangiji a ikkilisiyarsa, suka yi sallama cikin salama.

Sai a shekara ta 325, a babban taron Nikiya, aka amince masu bi duka su riƙa yin Ista a rana ɗaya. Ko da haka, har yanzu ikkilisiyoyin gabas da na yamma sukan sha bamban a yawancin shekaru saboda lissafin kalanda. In waɗannan manya sun ci Jibi tare da saɓanin rana a tsakaninsu, mu su wane ne da za mu raba ikkilisiyar mutum hamsin?

Mu rarrabe umarni da al'ada

Ga inda nake tsaye. Akwai abin da Ubangiji ya umarta, akwai abin da ikkilisiya ta saba yi. Kada mu zuba su a ƙwarya ɗaya.

An umarce mu mu yi wa'azin bishara, mu yi baftisma. An umarce mu mu ci Jibin Ubangiji don tunawa da shi. Ibraniyawa 10:25 ta hana mu barin taruwa. An umarce mu mu yi addu'a, mu gafarta wa juna, mu ƙaunaci juna. Yakubu 1:27 ya sa kula da marayu da gwauraye a tsakiyar ibada ta gaskiya. Waɗannan ba mu da ikon cirewa.

Kirsimeti, ranar Ista ta shekara-shekara, Godiyar Kaka, kwanan addu'a na sabuwar shekara, makon Zumuntar Mata, zanen anko, da azumin kwana 40 da 'yan'uwanmu na Katolika da Angilikan ke yi kafin Ista, duk al'adu ne. Muna da 'yanci mu riƙe, muna da 'yanci mu gyara, muna da 'yanci mu bari. Abin da ba mu da iko a kai shi ne mu ce wanda bai yi ba ya fita daga bangaskiya, ko wanda ya yi ya koma arna.

Kuma al'ada mai kyau tana iya lalacewa. Macijin tagulla, Allah ne da kansa ya sa Musa ya ƙera shi a jeji. Amma da Isra'ilawa suka fara ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi, kamar yadda 2 Sarakuna 18:4 ta nuna. In abin da Allah ya umarta ya iya zama tarko, balle abin da mu muka ƙago. Don haka kowane ƙarni sai ya sāke auna al'adunsa.

Mu 'ya'yan Maguzawa

Wannan magana tana da nauyi a wurinmu fiye da wasu, domin yawancinmu iyayenmu ko kakanninmu daga tsafi suka fito. Sun san yanka wa iskoki, sun san bori, sun san zuba giya a gindin itace kafin a taɓa sabon hatsi. Da bishara ta iso ƙasar nan, mishan ta SIM ta zauna a Roni, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma da aka buga a 1932 ya shiga hannun mutane, waɗanda suka ba da gaskiya sun sha wuya kafin su rabu da waɗannan abubuwa. Wasu danginsu sun juya musu baya.

Mahaifina ya gaya mini a zamaninsu ba a yarda a shigar da ganga ɗakin sujada ba, domin da zarar sun ji ta sai su tuna da wasan bori. Ban ce sun yi kuskure ba, ciwon yana ɗanye a lokacin. Yau iyayenmu mata suna buga tulu da ganga da caki suna yabon Yesu da harshenmu, babu mai tuna iska. Zabura 150 ma ta kira kayan kiɗa iri-iri su yabi Allah. Gangar ita ce dai ta dā, wanda ake buga wa ne ya sāke.

Haka ma Godiyar Kaka. Bahaushe ya daɗe yana murna in amfani ya shigo gida, kalankuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Mai bi ya tambayi kansa, wa ya ba da ruwan sama? Sai ya ɗauki dami ya kai gidan Allah. Maimaitawar Shari'a sura 26 ta nuna Ba'isra'ile yana kawo nunan fari cikin kwando yana ba da labarin abin da Allah ya yi masa. Ba a ɗora mana wannan doka ba, amma ta koya mana hali.

Akwai dai iyaka. In mutum ya kai dami ikkilisiya da safe, da dare kuma ya zaga ya yanka baƙin zakara don gona, wannan ba maganar 'yanci ba ce, bautar iyayengiji biyu ce. In Kirsimeti ta zama kwana uku na burkutu da faɗa da lalata 'yan mata, to saurayin nan yana da hujjar kiranta bikin arna, mu ne kuwa muka ba shi hujjar.

Ku zo mu leƙa rumbu

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, wanda su biyun nan ba su taɓa shi ba cikin gardamarsu. A garin nan da nake ba ku labari, na shiga gidan wata gwauruwa mai 'ya'ya biyar. Ta ce mini bara ba ta je sujadar Kirsimeti ba. Na ce, "Mama, ke ma kin bi koyarwar saurayin ne?" Ta ce, "Wace koyarwa, ɗana? Ba ni da zanen anko, yarana ba su da sabon kaya. In je a riƙa kallonmu?" Ta rufe ƙofa ta zauna da 'ya'yanta ranar da muke cewa an haifi Mai Ceto a wurin dabbobi.

Na shiga wani gida kuma, maigidan ya sayar da buhu biyu na gero a Disamba, ya sayi shinkafa da akuya da kayan yara da anko. Mu yi lissafi tare. Buhu yana ɗaukar wajen tiya arba'in. A ce gida mai mutum takwas yana cin tiya ɗaya da rabi a yini, buhu ɗaya zai kai su kusan wata guda. Buhu biyu kusan wata biyu ke nan. Waɗanne watanni? Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, aikin gona kuma yana neman ƙarfi. Kowa a nan ya san hatsi ya fi araha da kaka, ya fi tsada da tsakiyar damina. Mutumin nan ya sayar da araha, ya komo ya saya da tsada. Da kuɗin suka ƙare ya bar gonarsa ciyawa na ci, ya tafi ƙwadago gonar wani, ƙarshe ya ci bashin da zai biya da hatsi in kaka ta yi. Kwana biyu na biki sun cinye masa shekara guda.

Allah bai umarci anko ba, amma ya umarci mutum ya ciyar da iyalinsa, 1 Timoti 5:8 ta faɗa da ƙarfi. Bai umarci shinkafar Kirsimeti ba, amma ya umarci a kula da gwauruwa. Duk lokacin da abin da ba a umarta ba ya ture abin da aka umarta, mun faɗa ramin da Farisiyawa suka faɗa a Markus 7.

Ku tuna da ikkilisiyar Koranti. Jibin Ubangiji, wanda umarni ne, Bulus ya ce musu a sura 11 taruwarsu ta fi jawo ɓarna a kan gyara, domin mai abu yana ƙoshi har ya bugu, marar abu yana zaune da yunwa. Annabi Amos a sura 5 ya shaida wa Isra'ila cewa Allah ya ƙi idodinsu saboda ana danne matalauta. Nehemiya kuwa, a sura 8, da ya sallami jama'a su je su yi murna, ya haɗa da cewa a aika wa wanda bai shirya kome ba rabonsa. Haka Furim, kamar yadda muka gani. Bikin da Littafi ya yaba, matalauci yana ciki.

Ma'auni da shawara

Kowace al'ada da muke yi, mu yi mata tambaya uku. Tana kai mutane wurin Almasihu, ko wurin ciki da ado? Ana yin ta da yardar rai, ko akwai tilas da kunyatarwa? In an gama, marar ƙarfi a cikinmu ya ƙaru ko ya ragu? Wadda ta amsa da kyau, mu riƙe ta da murna. Wadda ta kāsa, mu gyara ta, in ta ƙi gyaruwa mu ajiye ta.

Ga shawarata, ku kai gida ku auna.

Na ɗaya, kowane maigida ya zauna da matarsa kafin Disamba, su ware abincin da zai kai su sabon gero. Abin da ya ragu a sama shi ne na biki. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na biyu, iyayenmu na Zumunta, ku duba maganar sabon anko kowace shekara. Zanen bara bai mutu ba. In kuwa za a yi sabo, a fara saya wa gwauraye daga asusu, tun kafin masu hali su ɗinka nasu.

Na uku, a Godiyar Kaka a daina kiran suna ana faɗin yawan damin da kowa ya kawo. Mai tiya ɗaya yakan ji kunya ya zauna a gida. Ubangiji kuwa ya yabi gwauruwa mai anini biyu. Daga hatsin da aka tara, a ware kashi a rumbun ikkilisiya, a sa mutum uku amintattu, har da mace, su riƙe lissafi, a buɗe shi a watan Yuli don gidajen da suka kāsa.

Na huɗu, ran Kirsimeti a gwada dafa tukunya ɗaya a harabar ikkilisiya, kowa ya kawo abin da ya iya, kowa ya ci. Tuwon dawa da miyar kuka da aka ci tare ya fi shinkafar da aka ci da bashi. A kuma ci gaba da aika wa maƙwabtanmu Musulmi abinci kamar yadda suke aiko mana da Sallah, gama da yawansu danginmu ne na jini.

Na biyar, wanda lamirinsa bai ba shi ya yi biki ba, a ƙyale shi. Kada a hana shi Jibi, kada a cire shi daga hidima, kada a yi masa habaici a waƙa. Shi kuma ya kame bakinsa daga kiran iyayensa arna, ya zo sujada ran Lahadi kamar kowa.

Kafin in baro garin na faɗa wa su biyun waɗannan abubuwa. Na ce wa saurayin, "Ɗana, ko ba ka ci shinkafar ba, ka iya ɗaukar kwano ka kai wa Mama gwauruwar nan, wannan kam an umarta." Na ce wa dattijon, "Baba, ɗan wanka ne, kai ne babba, kai ya kamata ka fara taka ƙofar gidansu." Saurayin bai sāke ra'ayinsa ba, ban kuwa nemi ya sāke ba. Baba ya yi shiru, bai ce mini i ba, bai ce a'a ba. Lahadin farko na wata mai zuwa suna da Jibin Ubangiji. Ina roƙonku ku sa su cikin addu'a, su miƙa wa juna ƙoƙon nan.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode da ka aiko da Ɗanka, mun gode da ruwan sama da amfanin gona. Ka koya mana mu riƙe umarninka da ƙarfi, mu riƙe al'adunmu da tawali'u. Ka gafarta mana inda murnarmu ta sa ɗan'uwa kuka. Ka haɗa kan ikkilisiyarka a ƙasar nan. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ku lissafa abubuwan da kuke yi a ikkilisiyarku cikin shekara. Waɗanne ne umarni, waɗanne ne al'ada?
2. Ku karanta Romawa sura 14. Me take faɗa wa mai yin biki, me take faɗa wa marar yi?
3. Su wane ne ba su zo sujadar Kirsimeti ba bara a garinku? Akwai wanda ya je ya tambaye su dalili?
4. Gidaje nawa ne hatsinsu ya ƙare kafin sabon gero? Me ikkilisiya za ta yi da hatsin Godiya na bana?